Kwandalar Da Ke Ƙasan Adudu: Wace Iri Ce, Kuma Nawa Za Ta Yi?

A kasuwar Birnin Gwari ta yau, mutum zai iya wuni tsakanin 'yan hatsi da 'yan tireda da kara bai ji ƙarar sulalla ko sau ɗaya ba. Mai sayen masara takarda yake ƙirgawa, ko ya tura ta waya, ko ya ja mai kaya zuwa wurin mai POS. Mai ƙosai ma ba ta da gwangwanin tsaba a gefen kaskonta kamar yadda uwarta take da shi a da. Amma sulallan ba su bar ƙasar ba, gidaje suka koma. Suna ƙasan adudun tsofaffi, suna cikin gwangwanin madara da aka manta a bayan jere, suna aljihun rigar da mai ita ya daɗe da rasuwa. A gonakin da ke gefen dajin Kamuku, inda aka taɓa yin ƙauyuka aka tashi, garma takan tono kwabo ɗaya ko biyu a kufai, ya yi baƙi ko ya yi kore saboda daɗewa a ƙasa. Duk wanda ya tsinci irin wannan, yaro ne ko babba, tambaya biyu yake yi: wannan wane irin kuɗi ne, kuma nawa zai yi yanzu?

Tambayoyin nan sun cancanci amsa ta gaskiya. Rashin amsar ne yake sa wani ya zubar da abin da ya kamata ya adana, wani kuma ya ɗora buri a kan abin da ba zai saya masa ko ashana ba, har macuci ya samu ƙofar shigar masa.

Gane kwandala ba ya buƙatar dogon karatu. Abu huɗu ake dubawa: sunan ƙasar da ke jiki, shekarar da aka buga, hoton da aka zana, sai kuma irin ƙarfen. A wanke ta da ruwa kawai, a tsane da tsumma mai laushi, a fito da ita haske, za ta faɗi labarinta da kanta.

Waɗanda aka fi tsinta su ne na baya-bayan nan, masu ɗauke da shekarar 2006, waɗanda Babban Bankin Nijeriya ya fitar ranar 28 ga Fabrairu, 2007, zamanin da Farfesa Charles Soludo yake gwamnan bankin. Guda uku ne. Akwai kwabo hamsin, ƙarama, fara, mai hoton masara. Akwai naira ɗaya da naira biyu, waɗanda ba sa ɓata wa kowa domin ƙarfe kala biyu aka haɗa: zobe a waje, da ƙwaya mai wani launi daban a tsakiya. Ta naira biyu tana ɗauke da ginin Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ke Abuja. Ta naira ɗaya kuwa kan wani dattijo ne mai murɗaɗɗen gashin baki, wato Herbert Macaulay, wanda ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijeriya a 1923. A Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946 yana rangadin siyasa, aka mayar da shi Legas ya rasu. Yara da yawa sun riƙe fuskar nan a tafin hannu ba wanda ya taɓa gaya musu ko wane ne.

Idan kwandalar Macaulay babba ce, fara gaba ɗaya, mai nauyi, to ta 1991 ce ko shekarun da suka biyo. A waccan shekarar ne aka mayar da naira ɗaya da kwabo hamsin daga takarda zuwa ƙarfe, aka kuma rage girman ƙananan kwabbai. Tun daga lokacin aka koma buga kuɗinmu da baƙin ƙarfe da ake shafa wa ruwan wani ƙarfe a sama, saboda arha. Shi ya sa mayen ƙarfe yake cafke su, shi ya sa kuma waɗanda suka kwana a ƙasa mai danshi suke fitowa da tsatsa ja.

Waɗanda mayen ƙarfe ba ya kamawa, masu tambarin Nijeriya na dawaki biyu da gaggafa, su ne 'yan farkon naira. Ranar 1 ga Janairu, 1973, a mulkin Janar Yakubu Gowon, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule goma suka zama naira ɗaya. Dalilin ke nan da ya sa iyayenmu suka ci gaba da kiran kwabo goma sule, kwabo biyar kuma sisi, domin a lissafi daidai suke. Tsabar da aka buga a lokacin biyar ce, kuma kowace tana nuna abin da ƙasar take taƙama da shi: rabin kwabo auduga, kwabo ɗaya rijiyoyin man fetur, kwabo biyar koko, kwabo goma bishiyar kwakwar manja, kwabo ashirin da biyar gyaɗa da dalar buhunanta irin ta Kano. Biyun farko jajaye ne na tagulla, sauran farare. Ko da shekarar ta goge, akwai wata alama a ƙarƙashin tambarin. Idan taken gajere ne, mai maganar haɗin kai da imani kawai, to an buga ta kafin 1978. Idan an ƙara zaman lafiya da ci gaba, bayan nan ne.

Sai kuma kwabo mai huji, wanda tsofaffin mata suka fi ajiyewa, wasu ma a zare. Yana da tauraro mai tsini shida a gefe guda. Idan an rubuta Tarayyar Nijeriya da shekarar 1959 da sunan Sarauniya Elizabeth, to yana cikin kuɗin farko da Babban Bankin Nijeriya ya fitar bayan ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959. Tare da shi aka fito da ɗari, wato rabin kwabo, da taro mai kusurwoyi goma sha biyu mai hoton auduga, da sisi, da sule, da fataka ta sule biyu. Idan kuwa sunan Afirka ta Yamma ta Ingila ne a jiki, to ya girmi wannan. Kuɗin hukumar da Turawa suka kafa a 1912 ne, wanda aka ci kasuwa da shi daga nan har Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Anini da ɗari da kwabo na wannan zubin suna da rubutun Larabci a kewaye da hujin, mai faɗin darajar kuɗin, domin masu bugawa sun san da waɗanne baƙaƙe mutanen Arewa suke karatu. Da irin wannan kuɗin aka tilasta wa kakanninmu biyan haraji, har wuri ya mutu a kasuwa.

Ba na Nijeriya kaɗai ake samu a adudu ba. Birnin Gwari gari ne na kan hanya, motocin Kaduna zuwa Legas sun daɗe suna ratsa shi, fatake da makiyaya suna shiga suna fita. Saboda haka ana yawan cin karo da tsabar sefa ta Nijar, mai rubutun Faransanci da wani zane mai kama da kifi mai zarto a baki, wanda hoton ma'aunin zinariya ne na mutanen Akan, kuma tambarin babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma. Ana samun na Saudiyya da alhazai suke dawowa da su a ƙasan jaka, masu bishiyar dabino da takubba biyu. Waɗannan na Saudiyya sukan ruɗi mutane. Wani ya karanta lambar ya ga 1408, sai ya ɗauka kuɗin ya shekara fiye da ɗari shida. Shekarar Hijira ce, ta yi daidai da 1987 zuwa 1988, zamanin Sarki Fahad.

To, nawa za su yi? Kwandala tana da daraja iri uku, kuma kowace da kasuwarta.

Ta farko ita ce wadda aka rubuta a jiki. A doka, kwabo hamsin da naira ɗaya da naira biyu na 2006 har yanzu halastattun kuɗi ne, Babban Banki bai soke su ba. A kasuwa kuwa ba mai karɓa. Ledar ruwan da ake saya naira biyar lokacin da suka fito, yau a wurare da yawa naira hamsin ce, wato sai ka ƙirga kwandalar naira biyu guda ashirin da biyar kafin ka jiƙa maƙogwaro. Na kafin su kuwa, na 1973 da na 1959 da na Turawa, an daɗe da cire su daga lissafi.

Ta biyu ita ce darajar ƙarfen. Mutanen ƙasar Birnin Gwari ba baƙin wannan ba ne, domin tun zamanin Turawa ake haƙar zinariya a yankin, kuma kowa ya ga yadda mai saye yake yi: ba ya sauraron labarin ramin da aka tono ta, sikeli yake ɗorawa ya duba tsabtarta. Haka ake yi wa kwandala. Na 1991 da na 2006 baƙin ƙarfe ne, ɗan gwangwan ba zai ba ka abin kirki ba ko ka tara cikin kwano. Na 1973 tagulla ne da gaurayen nikel, sun ɗan fi, amma sai an auna da kilo. Ya kamata kuma a sani cewa dokar Babban Banki ta 2007 ta hana lalata kuɗin da ke aiki, takarda ko ƙarfe, kuma hukuncin bai gaza ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ba. Azurfa ta ainihi tana wuri biyu. Akwai taro da sisi da sule da fataka na Afirka ta Yamma da aka buga daga 1913 zuwa 1919, masu kan Sarki Joji na Biyar. Waɗannan azurfa ce kusan tsantsa, sule ɗaya ya ɗan haura giram biyar da rabi. Daga 1920 aka fara sauya ta da ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Sai kuma liyari, babbar dalar nan mai hoton wata mace mai jiki, Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda maƙeran fari suka daɗe suna narkarwa su yi mundaye da zobba. Nauyinta giram 28 ne, kashi biyar cikin shida azurfa. Idan ta gaske ce, tana da kuɗi daidai nauyin azurfarta a kasuwar ranar. Amma shekarar 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce. A shekarar ne sarauniyar ta rasu, kuma tun daga nan duk wadda aka buga, ɗaruruwan miliyoyi, da wannan shekarar ake buga ta, har yau ɗin nan. Jabunta ma sun cika gari.

Ta uku ita ce darajar da masu tara tsofaffin kuɗi suke bayarwa, kuma a nan ne buri yake yi wa mutane yawa. Masu wannan sha'awa abu uku suke bi: ƙarancin abu, lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa. Tsufa shi kaɗai ba ya sa tsada. Kwandalar da aka buga miliyoyi, ta yi yawo daga hannun mai ƙosai zuwa na ɗan kamasho har hoton ya shafe, ba ta da ko ɗaya cikin ukun. A kasuwannin Turai da Amurka irin waɗannan a gauraye ake sayar da su a jaka, da awo. Ga misali mai kyau. Sarki Edward na Takwas na Ingila bai cika shekara a kan gado ba, ya sauka a watan Disamba na 1936, kuma a Ingila kanta ba a saki kuɗi da sunansa ba. Amma an buga kwabo mai huji na Afirka ta Yamma da sunansa a shekarar. Mai jin wannan zai ce an samu dukiya. Sai dai an buga shi da yawa ƙwarai, don haka har yau abu ne mai sauƙin kuɗi. Wanda ya leƙa wurin masu kayan tarihi a Kasuwar Kurmi ta Kano zai ga kwabbai masu huji tuli a faranti suna jiran mai saye. Abin da yake ɗan ɗaga farashi shi ne a samu wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba, tana ƙyallinta na ranar farko, ko wadda aka yi kuskure wajen bugawa. Irin wannan ba kasafai take fitowa daga kufai ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gogewa. Mutum ya ga kwabo ya yi duhu, sai ya sa toka ko lemon tsami ko yashi ya dirje shi har ya yi haske, yana ganin gyara ya yi. A wurin masana ya kashe shi ke nan, domin duhun nan da shekaru suka sa masa yana cikin abin da suke saye, kuma ƙarcen da aka yi ba ya gyaruwa.

Sai a yi hattara da masu zuwa da daɗin baki. Lokaci zuwa lokaci jita-jita takan tashi cewa wasu Turawa ko Larabawa suna neman wani tsohon kwabo da miliyoyi, wai akwai wani sinadari a cikinsa, kamar yadda ake yaɗawa a kan tsohon dutsen guga da tsohon keken ɗinki. Sai a nuna maka hoto a waya, an rubuta farashi mai ban tsoro. Kowa yana iya rubuta farashin da ya ga dama a intanet, abin tambaya shi ne nawa aka taɓa biya. Ƙarshen zancen kullum ɗaya ne: ka kawo kuɗin gwaji, ko kuɗin rajista, ko kuɗin motar zuwa wurin mai saye. Mai saye na gaskiya shi yake ba ka kuɗi. Duk wanda ya ce ka fara biya kafin ya sayi kayanka, aljihunka yake nema.

Ni a ganina babban amfanin kwandalar nan yana wani wuri daban. Shaida ce ta abin da ya samu kuɗinmu, shaidar da ake riƙewa a hannu. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki, aka sake ta tana gangarawa, har a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar. Wanda ya jera sulen 1973 da kwandalar 1991 da ta 2006 a kan tabarma ya ga wannan tarihin ba tare da an karanta masa jadawali ba: lambar da ke jiki tana ƙaruwa, ƙarfen yana raguwa, abin da take saye yana ɓacewa.

Mutuwar tsaba kuma talaka ne yake biyan kuɗinta. Inda babu ƙaramin canji, farashi ba ya takawa a hankali, tsalle yake yi. Abin naira hamsin idan zai tashi, sai dai ya zama ɗari, domin biyar da goma ma yanzu da ƙyar ake karɓarsu. Mai shago ya ce babu canji, ya miƙo alawa ko ashana wadda ba ka nema ba. Mai sayen buhu ba ya jin wannan. Matar da take aiken yaro sau da yawa a rana, ƙullin gishiri, ƙullin manja, dunƙulen miya, ita ce ake yanka kaɗan-kaɗan a kowane aike. Asusun ƙasa da yara suke tara wa Sallah, da kuɗin Laraba na makarantar allo, da sadakar da ake miƙa wa almajiri a ƙofar gida, duk a kan tsaba suka ginu, kuma duk sun ji a jikinsu.

A 2012, lokacin da Malam Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnan Babban Banki, an kawo shawarar mayar da naira biyar da goma da ashirin ƙarfe, tare da fito da takardar naira 5,000. Jama'a suka yi caa, Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shirin. Hujjar mutane ita ce duk kuɗin da aka mayar ƙarfe ya mutu, kuma abin da suka gani a 1991 da 2007 ke nan. Amma a Maraɗi har gobe ana ciniki da tsabar sefa ta dala biyar da dala goma da dala ashirin, kuma ba wanda yake jin nauyinsu a aljihu, domin suna sayen abu. Dala ashirin, wato sefa ɗari, a ƙarshen 2024 ta fi naira ɗari biyu. Ashe ba ƙarfe ne yake kashe kuɗi ba. Tsadar kaya ce take kashe shi, mu kuma sai ya kusa mutuwa muke mayar da shi ƙarfe. Ko a farkon 2023, da canjin takardun naira ya sa mutane kwana a layin banki, har jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ba wanda ya tuna da kwandala, domin ko an fito da ita ba abin da za ta biya.

Ga mutanen wannan yanki akwai ƙarin dalilin riƙe su. Shekarun rashin tsaro sun tashi ƙauyuka da dama a kewayen dajin Kamuku, mutane sun fito da abin da hannu zai iya ɗauka, kayan gado da yawa sun salwanta. Karar Birnin Gwari kanta sai a Nuwamban 2024 aka sake buɗe ta bayan shekaru tana rufe. A gidan da takardu da hotuna suka ƙone ko suka ɓata, kwabo mai huji da kaka ta ɗaure a bakin zane yana iya zama shi kaɗai ne abin da ya rage wanda hannunta ya taɓa. Wannan ba ya shiga sikeli.

Don haka shawarata ga mai karatu a fili take. Idan ka tsinci kwandala, duba ƙasa da shekara da hoto, ka gwada ta da mayen ƙarfe. Idan sule ne ko fataka na 1913 zuwa 1919, ko liyari, kai wa maƙerin fari da ka yarda da shi ya auna a gabanka. Idan ba su ba ne, ka sa a ranka cewa ba za ta yi maka kuɗin cefane ba, kuma kada ka ba kowa ko sisi don ya nemo maka mai saye. Kada ka dirje ta, kada ka zuba wa ɗan gwangwan. Naɗe ta a takarda, ka rubuta inda aka samo ta da sunan mai ita. Malaman firamare su nemi ɗalibai su zo da na gidajensu a jera a aji, a koya musu auduga da gyaɗa da Macaulay da lissafin sule da kwabo daga abin da suke taɓawa. Masu riƙe da Babban Banki kuma, idan za su sake buga tsaba, su buga wadda za ta sayi wani abu a kasuwar Birnin Gwari ranar da ta fito, su kuma tsare mata darajarta, domin talaka yana buƙatar canjinsa.